Fitilar ABS da ta santsi sun kama bayan an canza mini shaf: famfon ne ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Camry 2010, 'yar Amurka. Sati uku da suka wuce aka canza mini shaf ɗin gaba (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa taya) na ɓangaren direba saboda yana ƙara idan na sha kwana. Tun daga nan fitilar ABS da ta hoton motar nan mai zamewa suke kamawa. Idan na tayar da motar sai su mutu, ina fara tafiya su dawo. Wani makanike ya ce famfon ABS ne ya mutu, in nemo na Baljiyam. Wani kuma ya ce in bari ya cire ƙwan fitilar tunda birki yana kamawa. Ina yawan bin hanyar Zariya zuwa Kano da iyali. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya a cikinsu tukuna. Kada ka sayi famfo, kuma kada ka bari kowa ya taɓa fitilar nan. Na daɗe ina aikin wutar mota, kuma a cikin motocin da ake kawo mini da hukuncin "famfon ABS ya mutu", kaɗan ne ƙwarai nake samun famfon da laifi. Bayaninka ma ya riga ya nuna inda za a fara. Ka ce abin ya soma ne bayan an taɓa ƙafar gaba ta ɓangaren direba, ka kuma ce fitilun suna mutuwa idan ka tayar, sai motar ta motsa su dawo. Waɗannan maganganu biyu sun fi duk abin da makanikan nan suka faɗa maka nauyi.

Bari mu fara da maganar iyali da hanyar Kano. Launin fitila ake dubawa. Idan masu ruwan ɗorawa ne kawai a kunne, wato ta ABS da ta santsi, birkinka na asali yana nan, zai tsayar da kai kamar motar da aka ƙera ba ta da ABS. Abin da ka rasa shi ne mai kawo ɗauki lokacin gaggawa. Idan akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo maka ka danne birki da ƙarfi, tayoyi za su iya kullewa, kuma tayar da ta kulle ba ta jin sitiyari: duk inda ka murɗa, motar gaba za ta ci gaba da sulalewa. A haka za ka iya lallaɓawa cikin gari ka kai ta gareji. Amma idan jar fitilar birki ta haɗu da su alhali birkin hannu a sauke yake, ka tsaya ka buɗe bonet ka duba man birki. In ya yi ƙasa, ko dai fad ya cinye ko akwai inda man yake zuba. In kuwa man daidai yake amma jar tana kunne tare da ta ABS, to abin da ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, wanda ake kira EBD, shi ma ya ajiye aiki, tayoyin baya za su iya riga na gaba kullewa. Motar da bayanta ya kulle juyawa take yi a tsakiyar titi. Irin wannan ba a hawa babbar hanya da ita, balle da yara a ciki.

To me na'urar take yi da lafiyarta? A kowace ƙafa akwai 'yar sansa da ke ƙirga juyawar taya tana aika wa ƙwaƙwalwar ABS. A yawancin motoci ƙwaƙwalwar tana manne da wannan dunƙulen alminiyam mai bututun birki da yawa da ke cikin bonet, wanda kowa ke kira famfo. Idan ka taka birki ta ga taya ɗaya tana neman tsayawa cak sauran na gudu, sai ta rage wa wannan tayar matsin mai, ta sake ba ta, ta sake ragewa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ne karkarwar da ake ji a tafin ƙafa. Bosch da Mercedes sun fito da nasu kasuwa a 1978. A 1995 aka ɗora masa wani aikin: Mercedes ta kira nata ESP, Toyota ta kira nata VSC. Honda na ce masa VSA, Nissan VDC, BMW kuma DSC, amma duk kanwar ja ce. Shi wannan abu biyu yake kwatantawa: inda direba ya nufa, wanda sansar bayan sitiyari ke faɗa, da inda motar ta nufa a zahiri, wanda wata sansa mai jin juyawar jikin mota ke faɗa. In suka saɓa, misali ka shiga kwana da gudu bayan motar ya fara fita waje, sai ya taka wa taya ɗaya tak birki, ya rage wa inji ƙarfi, ƙafarka ba ta taɓa komai ba.

Ka ga ke nan VSC da idon ABS yake gani. Da zarar labarin taya ɗaya ya yanke, ko ya zo a karkace, duka biyun sai su janye hannu, domin na'urar da ke iya taka birki da kanta ba ta aiki da zato. Fitila biyu ba ta nufin ciwo biyu. Sau da yawa ciwo ɗaya ne.

Yanzu maganarka ta biyu, wadda ta fi burge ni. Duk lokacin da ka murɗa makulli, ƙwaƙwalwar tana kunna fitilun na 'yan daƙiƙu tana gwada abin da za ta iya gwadawa mota na tsaye: wutar batir, bawul-bawul ɗinta, layin wayar kowace sansa. In ta ga waya a yanke ko bawul a ƙone, fitila ba za ta mutu ba tun daga nan. Fitilarka kuwa tana mutuwa. Ma'ana a tsaye ba ta ga laifi ba. Sai taya ta fara juyawa, ƙafafu uku suna cewa kilomita 20, ɗaya ta yi shiru ko tana faɗin wani abu daban, sannan fitila ta dawo. Gaskiya ne ita ma 'yar motar lantarkin da ke juya famfon ana gwada ta ne da zarar an fara motsi, shi ne ɗan gurnanin da ake ji sau ɗaya daga cikin bonet da safe, saboda haka ban wanke famfo ɗari bisa ɗari ba. Amma famfon da ya yi shekaru yana lafiya, ya rasa ranar mutuwa sai ranar da aka kwance shaf? An bar jaki ana dukan taiki.

Duk da haka, ni a wajen aikina ba na fara ɗaga taya sai na auna batir. Minti biyu ne. Lafiyayyen batir da ya kwana yana ba da kusan volt 12.6, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.7. In yana faɗuwa ƙasa da 10 lokacin tayarwa, ko altaneta ba ta caji sosai, ƙwaƙwalwar ABS na daga cikin na farko da ke yin fushi. A Toyota lambar C1241 ke nuna haka. Na sha ganin an kashe kuɗi mai yawa a kan abin da kan batir mai tsatsa ko sakakke ya haddasa. A duba fis-fis na ABS ma, galibi akwai manya guda biyu a akwatin cikin bonet, ɗaya na motar famfo ɗaya na bawul.

Daga nan sai kwamfuta, kuma a nan ake yawan cutar mutane ba da gangan ba. Ƙaramar na'urar nan mai araha da ake soka wa soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, da yawansu inji kawai suke karantawa, lambobin da ke farawa da P. Lambobin birki da C suke farawa, na yankewar magana tsakanin ƙwaƙwale kuma da U. Sai a soka, ta ce babu lamba, mai gyara ya ce "kwamfuta ba ta ga komai ba, famfo ne". Ka tambaye shi kai tsaye: na'urarka tana shiga ABS? Tana nuna gudun kowace taya ana tafiya? In ba ta yi, ka nemi wani. Kuma ka ce a rubuta maka lambobin a takarda, ko ka ɗauki hotonsu da wayarka, kafin a goge. Wanda ya goge lamba bai karanta ba ya share sawun ɓarawo ne.

A Toyota irin taka, C0200 ƙafar gaba ta dama ce, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu. A wasu motocin za ka ga C0035, C0040, C0045 da C0050, inda C0035 ita ce gaba ta hagu. Dama da hagu kuwa na wanda ke zaune a kujerar direba ne yana kallon gaba, ba na wanda ke tsaye a gaban bonet ba. Ka yi dariya in ka so, amma an sha canza lafiyayyar sansa saboda wannan. Tunda motarka sitiyarinta a hagu yake, C0205 nake sa ran gani. Tsofaffin rewaya suna da hanyar karanta wannan ba kwamfuta: su haɗa ƙafa (rami) ta 13 da ta 4 a soket ɗin OBD2 da 'yar waya, su buɗe makulli, fitilar ABS ta yi ta ƙiftawa. Ƙiftawa uku, ɗan shiru, ƙiftawa biyu, shi ne 32, gaba ta hagu. Yana aiki, amma ban ba ka shawarar ka gwada da kanka ba, don ƙafa ta 16 wutar batir ce kai tsaye, kuskuren rami ɗaya zai iya ƙona maka abin da ya fi famfon tsada.

Abin da nake so ka riƙe game da lamba shi ne, unguwa take nunawa, ba gida ba. C0205 ba ta ce "sansa ta mutu" ba. Cewa ta yi labarin da ke zuwa daga ƙafar gaba ta hagu bai yi daidai ba. Tsakanin taya da ƙwaƙwalwa akwai zoben da sansar ke karantawa, da tazarar da ke tsakaninsu, da sansar kanta, da soket, da waya mai tsawo, sannan ƙwaƙwalwar. Kowanne zai iya haifar da lamba ɗaya.

Abin da ke raba gardama shi ne a fita da motar, kwamfuta na jone, wani na tuƙi wani na kallon gudun ƙafafu huɗu a jere. A miƙaƙƙen titi dole su yi kusan daidai. In uku na cewa 40 ɗaya na kan sifili, babu labari gaba ɗaya. In ɗaya na bin sauran amma kullum tana ƙasa da su da wani kaso da ba ya canzawa, to ƙirgar ce ta bambanta: ko haƙoran zobe ba su kai ba, ko girman taya ba ɗaya ba. In kuwa tana tafiya daidai sai ta faɗi sifili ta dawo idan an faɗa rami ko an karya sitiyari, waya ce ta karye a cikin robarta. Gani ya kori ji.

Bari in tsaya a kan zoben nan, don shi nake zargi a motarka. A motoci da yawa, kan shaf na waje, wanda ke shiga cikin hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, yana da wani zoben ƙarfe mai haƙora kamar na giya, sansar tana leƙo shi ta wani ɗan rami. Toyota da yawa haƙora 48 ne. Shaf ɗin kasuwa kuma kala-kala ne. Akwai wanda aka yi wa motar da ba ta da ABS, kansa sumul, babu zobe sam. Akwai mai zobe amma haƙoransa 44. Tsawonsa daidai, ya shiga giya lafiya, ya shiga hob lafiya, makanike ya ɗaure ya ce an gama. Amma lissafi ne mai sauƙi: in ƙwaƙwalwa na jiran haƙora 48 a kowane zagaye ta samu 44, motar na gudun 60 wannan ƙafar za ta ce 55. Akwai kuma wanda zobensa daidai ne amma an daka shi da guduma wajen sawa, haƙori biyu sun lanƙwashe ko zoben ya tsage.

An taɓa kawo mini wata Toyota da aka riga aka sa mata famfon gwanjo har sau biyu, mai ita ya gaji har yana maganar sayar da ita. Muka fita gwaji, ƙafar gaba ɗaya na kan sifili daga farkon layi har ƙarshensa. Muka dawo na ɗaga ta a jak, na kwance ƙaramin noti ɗaya da ke riƙe da sansar, na zaro ta, na haska tocilar waya cikin ramin yaro na juya taya a hankali. Ƙarfe ne sumul yake wucewa yana ƙyalli, babu haƙori ko ɗaya. Na tambayi mai motar ina tsohon shaf, ya ce ai yana but tun ranar, cikin buhu. Muka zaro shi, ga zobensa nan da haƙoransa cif. Muka ƙwanƙwasa shi a hankali ya fito, aka sa wa sabon. Fitila ba ta sake kamawa ba. Famfonsa na asali kuwa, wanda ba abin da ya same shi, tuni an yi musaya da shi a kasuwa.

Wasu motocin, musamman na baya-bayan nan da Honda da yawa, ba su da zobe mai haƙora. Maganaɗisu ne aka saka a cikin robar da ke rufe gefe ɗaya na boris ɗin ƙafa, wato abin da taya ke juyawa a kansa. Ido ba ya bambanta gefen da ɗayan sosai. In mai matsa boris ya juya shi, gefen maganaɗisun ya kalli waje, sansa ba za ta ga komai ba, kuma cire shi galibi lalata shi ne, sai an sayi wani. Kafin a matsa, a kusantar da ƙaramar allura ko siririn ƙarfe: gefen da ya ja ta, shi ke kallon sansa. Boris ɗin da ya ci ya fara wasa shi ma yana sa tazara ta riƙa canzawa, labari ya riƙa yankewa.

Ita sansar kanta iri biyu ce, kuma ba a auna su da hanya ɗaya. Tsohuwar irin, naɗin waya ne a kan maganaɗisu, ita ke haifar da wutarta idan haƙora na wucewa. Ana sa mita a kan om, galibi a samu wajen 1,000 zuwa 2,000, amma abin da ya fi shi ne a auna ta ɗaya gefen a kwatanta. A kuma juya taya da hannu mita na kan AC, a ga wuta na tashi. Sabuwar irin kuwa ƙwaƙwalwa ce ke ba ta wuta, ita kuma tana mayar da amsa ta hanyar canza yawan wutar da take ja, tsakanin miliam 7 da 14 a yawancinsu. Auna om a kan wannan ba ya faɗin komai, kuma mutane da yawa sun jefar da lafiyayyar sansa saboda mita ta nuna musu abin da ba su gane ba. Kafin ma a kai ga mita, a kalli bakinta. Maganaɗisu ne, yana tara garin ƙarfe da laka har ya yi gemu. Toyota har lamba ta ware wa wannan, C1235 da C1236 a ƙafafun gaba. Tsumma kawai yake so. A duba kuma ko ta zauna daram a mazauninta, don in tsatsa ko ƙasa ta ɗaga ta ko da kaurin farce ne, labarinta zai raunana.

Sai waya. Wajen cire shaf ana sakin ƙafar ta yi lilo, in ba a kwance wayar sansa daga maƙalanta ba, nauyin hob gaba ɗaya a kanta yake sauka. Robar waje ba ta nuna komai, zaren tagullar ciki ne ke tsinkewa. Ana gane ta ne da mita a jone, ana lanƙwasa wayar da hannu taƙi bayan taƙi, ana karya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. In za a haɗa, a yi da dalma a rufe da kyau. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif a ƙarƙashin mota, damina ɗaya ce ajalinsa.

Wannan duk na matsalarka ne. Amma tunda wasu za su karanta da fitilar santsi kaɗai a kunne, ta ABS kuma a kashe, bari in taɓa nasu a gurguje, don can ciwon ba a ƙafa yake ba. A Toyota, abu na farko a duba ko fitilar inji na kunne. In inji na da lamba, ko da ta murfin tanki ce ko ta fulogi, VSC yakan kashe kansa ya ajiye C1201, wadda ma'anarta kawai "ku je ku tambayi inji". A gyara injin, a goge, shi ke nan. Na biyu sitiyari. Masu alaimen da ke zare sitiyari su mayar da shi a miƙe maimakon su daidaita tayirod, suna barin sansar bayansa tana cewa an karya kwana alhali mota na tafiya sak. Wani lokaci ma fitila ba ta kamawa, sai dai ka ji motar ta taka wa kanta birki a kwanar da ba komai, abin tsoro. Na uku sansar da ke jin juyawar jikin mota, wadda a motoci da yawa tana ƙarƙashin kujera ko tsakanin kujerun gaba. Masu wankin ciki da ke malale kafet da ruwa su ne manyan abokan gabanta, sai mai gyaran jiki da ya mayar da ita a karkace. Ita wannan sai an koya mata mene ne "tsaye a miƙe": a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, sitiyari a tsakiya, giya a P, kowa ya cire hannu daga jikinta, a ba da umarni ta kwamfuta. In ba a yi ba, Toyota na nuna C1210 ko C1336. Wanda ya yi wannan saitin a kan gangaren bakin kwata ya koya mata ƙarya. Na huɗu, wanda ake rainawa, makunnin fitilar birki da ke saman feda. In ya lalace, ƙwaƙwalwa na ganin matsin mai ya tashi amma ba a ce mata an taka birki ba. Ka sa yaro ya tsaya a baya ka taka ka gani.

Tayoyi ma a duba lambar da ke gefensu, duka huɗun. Masu haɗa tayar gwanjo, uku 215/60 ɗaya 205/55, su sani ƙaramar ta fi saurin juyawa, na'urar kuma tana iya ɗauka santsi take yi.

Akwai wani ciwon da ba ya kunna fitila ko ajiye lamba: kana gab da tsayawa, gudun bai wuce na mai keke ba, sai feda ta yi gurr, motar ta ɗan ƙi tsayawa. Wannan raunin labari ne daga ƙafa ɗaya. Tsohuwar irin sansa wutarta na raguwa da raguwar gudu, in tazara ta yi yawa ko zobe ya tsage, sai labarinta ya ɓace kafin na sauran, ƙwaƙwalwa ta ɗauka tayar ta kulle ta sake mata birki. Kada a haɗa shi da karkarwar da ake ji idan an danne birki a kan yashi ko burji. Wannan aikinta take yi, ka ci gaba da dannewa kada ka ɗaga ƙafa, ka kuma sani a kan yashi da tsakuwa ABS yakan ƙara tsawon wurin tsayawa, amfaninsa a nan shi ne sitiyari na hannunka.

To yaushe ne famfon ke da laifi da gaske? Idan lambar ta motar famfo ce, kamar C1251 a Toyota, ko ta bawul, ko ta cikin ƙwaƙwalwar, ko kuma kwamfuta ta kasa shiga ABS gaba ɗaya sauran ƙwaƙwalen na ƙorafin U0121. Ko a nan ba a yanke hukunci sai an zare babban soket ɗinsa an duba ko ruwa ya shiga ƙafafun sun yi kore, an kuma tabbatar wuta da at (wayar da ke jone da jikin mota) suna isowa da ƙarfi. Mita kaɗai tana ruɗi a nan, don zaren waya ɗaya da ya rage zai nuna volt 12. A jona ƙwan babbar fitila a gani ko zai haska sosai. Layin da ƙwaƙwalen ke magana a kai, CAN, shi ma ana auna shi: a cire kan batir, a sa mita tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD2, a samu kusan om 60. In 120 ta nuna, layin ya yanke a wani wuri. Sai duk waɗannan sun wuce sannan a tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka neman famfo, kuma da lambar da ke jikin naka za a je, don Camry ɗaya tana da mai VSC da marar VSC, ba sa maye gurbin juna. Bayan an sa, sai an fitar da iska daga birkin yadda ya kamata, wasu sai da kwamfuta tana kunna famfon, a kuma yi saitin da na faɗa a sama. Man birki a sa wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, daga rufaffiyar roba. Yana shan danshin iska, shi ya sa ake canza shi kamar duk shekara biyu, kuma baƙin tsohon mai na cikin abin da ke kashe bawul ɗin famfo. DOT 5 ba a sa shi a mota mai ABS.

Maganar cire ƙwai kuwa, tana ba ni haushi ne saboda ba mai motar kaɗai take cuta ba, har wanda zai saya bayansa. Amurka ta wajabta wannan na'urar hana santsi a kan ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Saboda haka duk wanda zai sayi tokunbo ta waɗannan shekarun zuwa sama, ya buɗe makulli kada ya tayar, ya ƙirga fitilu. In ta ABS ko ta santsi ba ta haska ba sam, ba lafiya ce ta yi mata yawa ba, wani ne ya rufe mata baki. Wasu ma haɗa ta suke da fitilar man inji don su mutu tare, sai ka ga ba ta mutuwa sai an tayar da inji, alhali ta gaskiya da kanta take mutuwa bayan 'yan daƙiƙu ko ba a tayar ba.

Gobe ka koma wurin wanda ya canza maka shaf, cikin lalama, ka ce ya ba ka tsohon in yana nan. A ɗaga ƙafar, a zare sansar, a haska ramin ana juya taya. A ƙirga haƙoran sabon da alli, a ƙirga na tsohon, a bi wayar da hannu daga hob har inda ta shige cikin jiki, a tabbatar soket ɗinta ya shiga har ya yi ƙas. In an gyara an goge lamba, kada ka biya a cikin gareji. Ku fita tare ku wuce gudun 40 kuna kallon ƙafafun huɗu a kwamfuta, sannan ku sami fili ko burjin da babu kowa, kowa ya ɗaura bel, ka danne birki da ƙarfi a gudun 30. In ka ji feda na karkarwa a ƙafarka kuma dashbod ya zauna duhu, ka kashe motar ka sake tayarwa ka ƙara zagaye ɗaya, sannan ka sallame shi.